Targaɗe da Ciwon Baya: Asarar da Ba Ta Shiga Littafin Ciniki

A kasuwar Mile 12 da ke Legas, da ta Bodija a Ibadan, akasarin kayan da manyan motoci ke saukewa a kan wuya da gadon bayan 'yan dako suke isa hannun mai saye. Buhun shinkafa ko na siminti kilo 50 ne, na masara kuwa yakan kai kilo 100. Alhali tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki kayan da suka haura kilo 55 shi kaɗai, kuma a farkon shekarun 1990 cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta tsayar da kilo 23 a matsayin nauyin da za a ɗaga ko da yanayin aikin ya yi kyau ƙwarai. Tsakanin waɗannan alƙaluma da abin da ke gudana a kasuwa ne ake samun raunin da ba ya zubar da jini, ba ya karya ƙashi, amma yana kwantar da ma'aikaci.

Hausa takan kira abubuwa da dama da suna guda, wato jijiya, amma likitoci sun rarrabe su. Akwai wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara. Akwai wadda ke riƙe ƙashi da ƙashi a gaɓa, wadda in ta miƙe fiye da kima ko ta yage ake cewa an yi targaɗe. Ita kuwa tsoka ta fi yagewa a daidai inda ta haɗu da jijiya, musamman lokacin da take miƙewa alhali tana riƙe da nauyi. Wannan ya sa sauke buhu ke da nasa haɗarin kamar ɗaga shi. Haka kuma, duk sa'ad da kaya suka yi nisa da jiki, nauyin da ke faɗa wa ƙugu yakan ninka, balle idan mutum ya sunkuya kuma ya murɗa jiki a lokaci ɗaya.

Akwai kuma raunin da ba shi da ranar farawa. Tela a kan keke, mahauci da wuƙa, da mai buga kwamfuta suna maimaita motsi ɗaya sau dubbai, jijiya na samun 'yar lahani kullum, har lahanin ya fi abin da hutun dare ke iya gyarawa.

Warkewa tana da matakai uku, kuma a nan ne ya kamata mai dukiya ya kasa kunne. A kwanakin farko wurin yakan kumbura, ya yi zafi, saboda jini na kawo ƙwayoyin da za su kwashe abin da ya lalace. Kumburin nan somin gyara ne. Daga nan, na tsawon wasu makonni, jiki yakan saƙa sabon zare a wurin yagewar, amma zare ne marar ƙwari, a hargitse kamar abawar da ba a shirya ba. Sai a mataki na uku, wanda kan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara, zaren ke daidaita ya yi ƙarfi. Tsoka tana samun jini da yawa, don haka ƙaramin rauni a cikinta kan lafa cikin mako biyu zuwa uku. Jijiya kuwa jininta kaɗan ne, shi ya sa take jan lokaci.

Matsalar ita ce zafi yakan gushe tun zaren bai yi ƙwari ba. Ɗan dako da ke cin abinci daga aikin yini yakan ji sauƙi ya koma ƙarƙashin buhu, wurin ya sake yagewa, jinyar mako biyu ta zama ta wata uku. Ƙwayoyin kashe zafi, musamman Tramadol da wasu leburori ke sha don su jure aiki, suna ƙara dagula lamarin, domin suna toshe gargaɗin da jiki ke bayarwa ba tare da sun ɗinke komai ba.

Sai dai kwanciya kwana da kwanaki ma ba magani ba ce. Likitan Amurka Gabe Mirkin, wanda a 1978 ya yaɗa shawarar hutu, da ƙanƙara, da ɗauri, da ɗaga gaɓa sama, shi da kansa ya bayyana a 2014 cewa ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa. Abin da masu gashin ƙashi na asibiti ke ba da shawara a yanzu shi ne a kare wurin na 'yan kwanaki, a guji gasa shi da ruwan zafi ko murza shi da ƙarfi yana sabo, sa'an nan a soma motsa shi, ana ƙara nauyi sannu a hankali, domin nauyin da ya dace shi ke koya wa sabon zaren inda zai miƙe. A wajen mai kanti ko mai rumbu, ma'anar wannan ita ce a mayar da mai jinya ga aiki mai sauƙi, kamar ƙidayar kaya ko tsaron awo, maimakon a sallame shi ko a mayar da shi kan mota. Amma idan ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, ko kuwa gaɓa ta kasa ɗaukar mutum, asibiti ne nan take. Akwai asibitocin ƙashi na tarayya a Igbobi, da Inugu, da Dala.

Ta fuskar doka, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, don jinya da diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ɗan dakon da ake biya a kan kowane buhu galibi ba ya cikin takardar albashin kowa, don haka ɗawainiyarsa takan koma kan iyalinsa, da 'yan ƙungiyarsa, da ɗan kasuwar da kayansa suka kwana a mota. Baro ko amalanke, da raba buhu mai kilo 100 gida biyu, ba su kai kuɗin kwandon tumatir da yawa da suka ruɓe a rana ɗaya ba.