Aikin Sa-kai a Asibitocin Ƙasashen Waje: Gaskiya ko Jita-jita?

Yawancinmu ta talabijin muka san wannan aiki: likita sanye da farar riga yana duba yaro a cikin tanti, a ƙasar da yaƙi ko annoba ta afka wa. Hoton gaskiya ne, amma ba komai ya nuna ba, shi ya sa fahimtarmu ta gauraye da zato. Ga abubuwa huɗu da ya kamata mu tantance.

"Turawa ne kaɗai ke zuwa taimakon wasu ƙasashe"

Ba haka ba ne. Tun 1987 Najeriya ta kafa shirin TAC, wanda ke tura likitoci, ma'aikatan jinya da malamai zuwa ƙasashen Afirka da yankunan Karibiyan da Pasifik na tsawon shekara biyu. A 2014 ma, ma'aikatan lafiyarmu sun je Laberiya da Saliyo yaƙi da Ebola a ƙarƙashin Tarayyar Afirka. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda aka kafa a Faransa a 1971, mafi yawan ma'aikatanta 'yan ƙasashen da take aiki a ciki ne. Kuskuren ya yaɗu ne saboda tallan neman gudummawa ana yin sa ne don masu bayarwa a Turai da Amurka, sai a fi nuna musu fuskokin 'yan uwansu.

"Kyakkyawar niyya ta isa"

Wannan ne zaton da ya fi haɗari. Mukan ce da babu gara ba daɗi, alhali mara lafiya a ƙasa mai fama da talauci yana da haƙƙin samun ƙwararre kamar kowa. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010, an ga tawagogi da suka iso ba shiri, suka yi tiyata, suka tafi ba wanda zai ci gaba da wanke ciwo. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin tawagogin lafiya na waje a 2013. Baƙon likita sai ya samu izinin hukumar ƙasar da ya je, kuma MSF kan nemi ƙwarewar aiki ta aƙalla shekara biyu.

"Ba a biyan ɗan sa-kai ko kwabo"

Manyan ƙungiyoyi suna ɗaukar nauyin tikitin jirgi, masauki da inshora, suna kuma biyan ɗan albashi, ko da yake bai kai a yi arziki da shi ba. Ruɗanin ya samo asali ne daga shirye-shiryen 'yan makonni waɗanda ɗalibai ke biya da kuɗinsu. Idan aka nemi mu biya kuɗi don a ba mu gurbi da sunan babbar ƙungiya, mu yi hattara da 'yan damfara.

"Sai likita ake buƙata"

Likita ya fi fitowa a labarai, amma asibiti ba ya tafiya da shi kaɗai. A cibiyar Ebola, mai haɗa ruwan kulorin da mai lura da yadda ake cire rigar kariya suna tsare rayuka kamar likitan. Ana neman ungozoma, masu gwajin jini, injiniyoyin ruwa da masu kula da kaya.

Wanda ke da burin wannan aiki, ya fara ƙwarewa a asibitin gida, ya koyi Faransanci ko Larabci in da hali, kuma ya tafi da niyyar yin aiki tare da mutanen wurin, domin su ne za su ci gaba da jinyar bayan ya dawo.