Hannun da Babu Shi, Amma Yana Zogi

Sananne ne ga likitoci cewa wanda aka yanke wa hannu yakan riƙa jin zogi a hannun nan da babu shi, wani har shekara da shekaru. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa ba ta mance da gaɓar ba.

A shekarun 1990 wani masani a Amurka, Ramachandran, ya sa majiyyata su dubi lafiyayyen hannunsu a madubi, ido ya ga kamar yankakken ya komo. Waɗansu suka sami sauƙi.

Daga bisani Max Ortiz Catalan, na jami'ar Chalmers a ƙasar Suwidin, ya musanya madubi da na'ura. Akan manna wayoyi a dungun hannun su karanta motsin tsoka, sa'an nan mutum ya ga surarsa a allon kwamfuta da cikakken hannu, yana buɗe shi yana dunƙulewa yadda ya nufa. A 2016 aka bayyana sakamakon mutum 14 waɗanda magunguna suka gaza musu: bayan zama 12, zogin ya ragu wajen rabi.

Mutum 14 ba su isa a yanke hukunci da su ba. Amma ga wanda zogi ya hana barci, rabin sauƙi ba abin rainawa ba ne.