Likita da Fanni na Biyu: Shawarar da Ba a Yanke ta a Tsaye

A unguwa irin Gamboru ta Maiduguri, da zarar ɗa ya gama karatun likita a Jami'ar Maiduguri, sai a ɗauka magana ta ƙare. Maƙwabta su fara kawo takardun magani a duba masu, 'yan kasuwa su daina kiransa da sunansa, sai dai "Dokta". Shi kuwa ya san da sauran tafiya. Akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, akwai bautar ƙasa, sannan horon ƙwarewa, wanda kan ci shekara huɗu zuwa shida, wani fannin ma ya wuce haka, kafin a zama babban likita.

Ƙofar wannan horo ƙunci gare ta. Sai likita ya ci jarrabawar share fage ta fannin da yake so, ko dai a Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, mai hedikwata a Ijanikin ta Legas, ko a ɗaya daga cikin kwalejojin Afirka ta Yamma guda biyu, ta masu tiyata da ta likitoci. Cin jarrabawar ba samun gurbi ba ne. Sai asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya yi shelar ɗaukar masu horo, kuma kowane sashe na da iyakar adadin da aka amince ya horar. Fannin mata da haihuwa, tiyata da fannin yara kan cika da masu nema. Sashen sa barci lokacin tiyata da na binciken cututtuka a ɗakin gwaji kuwa ba su cika ganin cunkoso ba. Daga nan tambayar ke tasowa: a jira gurbin da ake so, ko a tanadi fanni na biyu?

A Amurka likita na iya neman fanni biyu a zango ɗaya, kwamfuta ta haɗa shi da asibiti. A nan kuwa tanadin na da tsada. Kowane fanni da tasa jarrabawar, da kuɗin rajistarta, da watannin karatu. Sakamakon ma na da wa'adi. In aka daɗe ana jira, sai ya mutu a sake zama.

Abokai kan ce, "Shiga kawai, da babu gara ba daɗi, daga baya ka sauya." Wannan shawara ce nake tsoro. Wanda ya sauya fanni yawanci daga tushe yake farawa, shekarun da ya kwana a asibiti sun tafi, kuma ya tare gurbin da wani ke nema da zuciya ɗaya. A ganina, fanni na biyu bai cancanci a neme shi ba sai in likita zai iya tsufa a cikinsa ba tare da jin haushin marasa lafiya ba. In yana son aikin hannu da ɗakin tiyata, sa barci na kusa da zuciyarsa. In hira da majinyaci ce ke burge shi, ga likitancin iyali, ga na ƙwaƙwalwa.

A kan wannan na ƙarshe, iyaye na da laifi. Sau da yawa su ke hanawa, wai kada a ce ɗansu likitan mahaukata ne. Alhali garin da ya sha rikici tun 2009, ya kuma ga ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a Satumbar 2024, wadda ta shiga Gamboru har da asibitin koyarwar kansa, yana cike da mutanen da barci ya ƙaurace wa. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya na nan a hanyar Baga, kuma yana horar da ƙwararru.

Akwai kuma hanyar da ake yawan mantawa: a riƙe fanni, a sauya gari. Wanda tiyata ta shiga ransa zai iya neman gurbi a Gombe, ko Yola, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da sakamakon jarrabawar da ke hannunsa. Ga likita mace mai aure, ko ɗan fari da tsofaffi suka dogara da shi, barin Maiduguri na shekara biyar ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa ya kamata a zauna da miji ko iyaye tun kafin a biya kuɗin jarrabawar farko.