Macijin da ya kusa ƙarewa: a nuna shi ko a ɓoye shi?

A shekarar 1995 wasu masu bincike suka sauka a wani ɗan tsibiri mai suna Great Bird, kusa da gaɓar Antiguwa a tekun Karibiyan, suka shiga ƙidayar macizai. Tsibirin bai wuce hekta takwas da 'yan kai ba, ana zagaye shi da ƙafa kafin rana ta yi zafi. Suka samu kimanin 50. Waɗannan hamsin su ne iyakar abin da ya rage a duniya na macijin Antiguwa, wani siririn maciji mai tsawon kusan mita ɗaya, macen toka-toka, namijin ya fi ta duhu da ƙanƙanta. Ba ya cutar da mutum. Abincinsa ƙadangaru ne, yana laɓewa cikin busasshen ganye har su zo wucewa.

Yadda ya kai ga wannan hali, aikin ɗan Adam ne. A ƙarshen ƙarni na 19 masu gonakin rake suka kawo tunku daga Asiya don ya cinye musu ɓeraye. Sai dai tunku da rana yake farauta, ɓera kuwa da dare yake fitowa, don haka tunkun ya juya kan macizai da ƙadangaru da tsuntsaye. Zuwa 1936 an ɗauka macijin ya ƙare. Tsirarun da suka tsira a Great Bird sun tsira ne saboda tunku bai isa can ba, amma ɓeraye sun isa, suna cin ƙwai, suna gartsa wa manyan cizo. Da yawa cikin waɗanda aka kama a 1995 duk tabon haƙorin ɓera ne a jikinsu.

Na san mai karatu daga Kaltungo, inda asibitin saran maciji ke cika da manoma duk damina, zai ce wai me ya yi zafi har ake ceton maciji? Yana da hujja, wanda kububuwa ta sari ɗansa a gona ba za a koya masa tausayin maciji da baki ba. Amma macizai sun haura iri dubu uku, kuma mafi yawansu ba su da dafin da zai kashe mutum. Da yawa ɓeraye suke ci, wasu ma macizai masu dafi suke haɗiyewa. Halitta ce ta Allah, idan ta ƙare kuma babu mai dawo da ita.

A 1996 aka ɗauki manya biyar daga Great Bird aka kai su gidan namun daji na tsibirin Jersey, tsakanin Ingila da Faransa, wanda marubucin nan Gerald Durrell ya kafa a 1959 musamman don kiwon dabbobin da ke gab da ƙarewa. Babu wanda zai ce mutanen Jersey ba su san aikinsu ba. Macizan suka yi ƙwai, biyar suka ƙyanƙyashe, suka zama goma. Sai wani ɗan ƙwaro mai kama da kaska, wanda ke maƙalewa ƙarƙashin ɓawon fatar maciji yana shan jini, ya shiga cikinsu. Macizan da aka saba kiwo suna iya jure shi idan an yi musu magani. Waɗannan kuwa tun kaka da kakanni a keɓe suke a tsibiri, jikinsu bai san shi ba. Tara cikin goma suka mutu.

Duk mai son ya yi magana kan ko ya kamata a sa irin waɗannan macizai a gilashi jama'a su kalla, to ya fara riƙe wannan labari. Ba 'yan kallo ne suka kashe su ba. Amma abin ya nuna yadda rayuwarsu take a kan siraɗi ko da a hannun ƙwararru, balle a ce an ƙara musu wani nauyi.

Masu son a nuna suna da maganganu biyu, kuma ban raina ko ɗaya ba. Ta farko kuɗi ce. Kiwon maciji ba arha ba ne: ɗaki mai zafi da laima daidai gwargwado dare da rana, likitan dabbobi, abinci, ma'aikata. Kuɗin tikiti da gudummawar masu ziyara su ne ke ɗaukar nauyin yawancin wannan aiki, kuma mutum bai cika ba da kuɗinsa don abin da bai taɓa gani ba. Ta biyu ta fi nauyi. Maciji ba shi da masoya. Giwa da damisa ko a hoto suna jan zuciya, shi kuwa abin da yake samu daga yawancin mutane sanda ce. Yaron da ya tsaya gaban gilashi ya ga maciji yana shan ruwa, ya ga yana saɓa, aka kuma gaya masa wannan ba ya sara, to wata rana idan ya gamu da irinsa a hanya mai yiwuwa ya kauce ya bar shi.

Sai dai a duba abin da ake nema daga macijin da aka ajiye don haihuwa. Halinsa ɓuya ne. A daji yakan shafe yawancin lokacinsa a rami ko ƙarƙashin dutse, wurin kallo kuwa ana tsara shi ne don a gan shi. Ba shi da kunne a waje, amma yana jin girgiza ta ƙashin muƙamuƙinsa, don haka takun ɗaruruwan ƙafafu da ƙwanƙwasar gilashi da yara ke yi duk suna isa gare shi. Ba shi da fatar ido da zai rufe idan an haska masa fitilar waya. Akwai macizan da ke sabawa da wannan har su hayayyafa a gaban jama'a. Akwai kuma waɗanda da zarar sun takura sai su daina cin abinci, macen ma takan riƙe ƙwai a ciki ta ƙi sakewa har ya zame mata ciwo. Wasu nau'o'in ba sa barbara sai an rage musu zafi da haske na tsawon makonni, kamar yadda hunturu ke yi musu a daji, a bar su shiru cikin duhu. Wa zai biya tikiti don ya kalli akwati mai duhu?

Ga kuma cuta. Zauren nuni yakan tara macizai daga nahiyoyi daban-daban, ma'aikaci ɗaya yana bi keji-keji da ƙugiya da bokiti. Ƙwaron da ya yi ɓarna a Jersey yana tafiya da ƙafarsa daga keji zuwa keji, akwai kuma ƙwayoyin cuta masu kama mesa da danginta waɗanda har yau ba su da magani. Haɗarin ya wuce na gidan kiwo, domin manufar aikin ita ce a saki 'ya'yan a daji. Idan aka saki mai ɗauke da cuta cikin tsirarun da suka rage, an rusa abin da aka zo gyarawa.

Haɗari na uku ɓarayi ne, kuma mutane ba su cika tunawa da su ba. Akwai attajirai masu tara dabbobi masu jan ciki, kuma ƙarancin dabba shi ne ke tsadar da ita a wurinsu. A 1996, shekarar da aka kai macizan Jersey, ɓarayi suka shiga cibiyar kiwo ta Ampijoroa a Madagaska suka kwashe kunkuru 75 na wani nau'i da ke gab da ƙarewa, daga baya aka gano wasu a Turai. Kunkuru ne ba maciji ba, amma kasuwar ɗaya ce. Duk tallan da aka yi wa dabba cewa ita ce mafi ƙaranci a duniya, masu wannan fatauci ma suna ji.

A Amurka an samo hanyar da na ga ta fi dacewa. Suna da wani baƙin maciji mai sheƙi kamar rawanin da ya sha bugu a Kura, wanda ya fi duk macizan asalin ƙasar tsawo, yana iya haura mita biyu da rabi. Ba shi da dafi, har macizai masu dafi yake ci. Ɓarnar dazuzzuka da kamun 'yan kasuwa suka rage shi, gwamnati ta sa shi cikin jerin masu buƙatar kariya a 1978. Ana kiwonsa a wata cibiya ta musamman a Filorida, nesa da wurin da 'yan kallo ke yawo, ana renon 'ya'yan har su yi ƙwari kafin a sake su. Tun 2010 ake sakinsu a dajin Conecuh na jihar Alabama, tun 2017 kuma a arewacin Filorida. Duk da haka mai son ganin wannan maciji zai gan shi a gidajen namun daji da dama, domin akwai waɗanda aka ware don nuni da koyarwa. Iyayen kiwo daban, jakadu daban, kuma wanda ya shiga zauren kallo ba a mayar da shi cikin waɗanda za a saka.

To amma akwai tambayar da na ga ba a cika yi ba: su wane ne suka fi cancanta su gani? Macijin Antiguwa ba a gilashin Turai ya farfaɗo ba. A ƙarshen 1995 aka kawar da ɓerayen Great Bird, cikin shekara biyu adadin macizan ya ninka. Aka share wasu tsibiran, aka kai su tsibirin Rabbit a 1999, Green a 2002, York a 2008. Yau sun haura 1,000. Great Bird wuri ne da masu yawon shaƙatawa ke zuwa da yawa, kuma a da wasu cikinsu da masu jiragen da ke kawo su sukan kashe macijin don tsoro. Ƙungiyar kare muhalli ta ƙasar tare da abokan aikinta, ciki har da Fauna & Flora da gidauniyar Durrell, suka koma kan waɗannan mutane. Aka riƙa ɗibar 'yan makaranta a jirgin ruwa ana kai su tsibiran, aka zauna da masu jirage aka nuna musu macijin a hannu. Wannan ma nuni ne, amma ga wanda sandar ke hannunsa, kuma macijin yana komawa cikin ganyensa idan an gama.

Ra'ayina ke nan: macijin da aka ajiye don ya haihu a bar shi ya haihu, a rufe ƙofa. Idan zuri'a ta yi yawa har aka samu rara, tsofaffi ko waɗanda jininsu ya riga ya yawaita a cikin garken, a fito da su jama'a su gani, a ba su wurin ɓuya na gaske ko da wani baƙo zai tafi bai ga komai ba. Kafin nan kyamara ta wadatar, tana nuna ƙyanƙyasar ƙwai kusa da kusa fiye da yadda ido zai gani ta gilashi. Gidan namun dajin da ya ce ba zai iya kiwo ba sai da nuni, a tambaye shi nawa ya taɓa saki a daji.

Akwai kuma inda muhawarar ma ba ta taso ba. A Santa Lusiya, kudu da Antiguwa, akwai wani maciji da tunku ya kora har ya rage a tsibiri guda, Maria Major. Shi ma an ɗauka ya ƙare a 1936, aka sake ganinsa a 1973. A binciken da aka bayyana a 2012, guda 11 aka iya kamawa aka yi musu alama, aka ƙiyasta cewa duka-duka ba su kai 20 ba. Cire mace ɗaya daga cikinsu don zauren kallo yana nufin cire kusan kashi ɗaya cikin goma na masu yin ƙwai.