Kolo Ture: ƙwayar da ta jawo zaman wata 6

Mu ƴan kasuwa mun san haja mai albarka. A shekarar 2002 ƙungiyar Arsenal ta Ingila ta sayi Kolo Ture, mai tsaron baya haifaffen Buwake ta ƙasar Kodibuwar, daga ASEC Mimosas ta Abijan a kan fam 150,000. Da shi ta ci gasar Ingila ta 2004, ba a doke ta ko sau ɗaya ba. A 2009 ta sayar wa Manchester City da shi, kuɗin ya ninka kusan sau 100.

Amma a 2011 awo ya nuna haramtaccen magani a jikinsa. Ashe ƙwayar rage ƙiba ta matarsa ya sha. Aka dakatar da shi wata 6. Ranar da ƙanensa Yaya ya jefa ƙwallon da ta ba City kofin FA, Kolo ɗan kallo ne.

Allah ya sa ya dawo, ya buga wa Liverpool da Celtic, ya ɗauki kofin Afirka a 2015. Mu da muke sayen ƙwayoyin ƙiba da na rama a kan tire bakin kasuwa, mu tambayi likita kafin mu haɗiye.