Dangantakar Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa da Ruwan Kogi: Misali Daga Kwarin Haɗeja da Jama'are

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa ruwan kogi da ruwan rijiya ba abubuwa biyu ba ne, abu guda ne mai fuska biyu. Wanda ya taɓa ɗaya, to, lalle ya taɓa ɗayan. Mun zaɓi kwarin Haɗeja da Jama'are don mu kafa hujja da shi.

Yadda kogi yake ciyar da rijiya

Kogin Kano da na Calawa sun taso ne daga ƙasa mai duwatsu, wadda ba ta riƙe ruwa da yawa. Bayan sun haɗu sun zama kogin Haɗeja, sai su shiga ƙasa mai rairayi da laka, watau shimfiɗar da ta gangara har tafkin Cadi. A can wajen Gashuwa ne ruwan Haɗeja da na Jama'are suke gamuwa, su zama kogin Yobe. Idan damina ta yi tsakiya, kogunan sukan cika su malale cikin fadamu, ruwan ya kwanta wata da watanni yana tsatsafa cikin rairayi. Wannan ajiyar ce rijiyoyi suke sha da rani. Ko mai tonon yashi a busasshen kogi yana samun ruwa, ita yake ɗiba. Ashe ke nan ambaliyar da wasu suke ɗauka ɓarna ce, ita ce ke cika rumbun.

Abin da ya sauya

An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Sun amfani birnin Kano da manoman rani na Kadawa, wannan babu musu. Amma sun tare ruwan da ya saba malala, ga kuma fari na shekarun 1970 da 1980. Saboda haka filin da ambaliya take rufewa tsakanin Haɗeja da Nguru ya ragu, abin da ke shiga ƙasa shi ma ya ragu. Har ila yau, sakin ruwa kaɗan-kaɗan ba yankewa ya sa ciyawar kacalla ta yaɗu ta toshe magudanai, wani wuri ya cika fiye da kima, wani ya bushe. A ɗaya ɓangaren kuma, injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, musamman bayan soma shirin Fadama a farkon shekarun 1990. Watau abin zubawa ya ragu, abin ɗiba ya ƙaru.

Shawarwari

Na farko, a riƙa sakin ruwan madatsu da yawa a tsakiyar damina, yadda zai yi kama da ambaliyar da. Na biyu, a riƙa auna zurfin ruwan rijiyoyi damina da rani, a ajiye lissafi. Na uku, kada a haƙa rijiyoyin burtsatse sai an san ƙarfin ajiyar wurin. Na huɗu, jihohin Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno, tare da maƙwabtanmu na Diffa a Nijar, su zauna su daidaita rabo.

Kammalawa

Mun ga cewa hukuncin da aka yanke a Tiga yana iya kai wa rijiyar makiyayi a Gashuwa. Idan muka ci gaba da ɗiba fiye da abin da damina take mayarwa, ba riba muke ci ba, uwar kuɗi muke ci, kuma 'ya'yanmu ne za su biya.