Yadda kwamfuta ke musanya rana da wata a takardun ma'aikata da 'yan kasuwa

An ƙirƙiri Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Ma'aikaci a Gusau zai rubuta wannan kwanan wata 01/10/1996, domin a Najeriya rana ake fara sawa kafin wata. Amma kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka, inda wata ke zuwa farko, za ta karanta shi 10 ga Janairu.

Haɗarin shi ne kuskuren ba ya nuna kansa. Idan lambar farko ta haura 12, manhaja irin Excel takan bar rubutun yadda yake, tunda babu wata na 13. Idan kuwa 12 ce ko ƙasa da haka, sai ta musanya rana da wata ba tare da gargaɗi ba.

Abin ba ƙarami ba ne ga ma'aikacin gwamnati, wanda ka'ida ta ce zai yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Wanda aka haifa 3 ga Nuwamba, na'ura ta mayar da shi 11 ga Maris, ana iya sallamarsa kusan wata takwas kafin lokacinsa. Haka nan ɗan kasuwa a Tsafe ko Bunguɗu: idan ranar haihuwarsa ta BVN ta saɓa wa ta NIN, yana iya rufe shago ya yi ta zirga-zirga tsakanin banki da ofishin Hukumar NIMC.

Masu rubuta manhaja sukan bar adireshin intanet a gefen umarnin da ke karanta kwanan wata, wanda ke kai mai gyara ga bayanin tsarin da aka bi. Idan shafin ya ɓace, wanda ya gaji aikin sai ya koma hasashe. Shi ya sa sabunta adireshin da ya mutu yake da muhimmanci.

Tun 1988 aka fitar da ƙa'idar duniya mai suna ISO 8601, wadda ke jera shekara, wata, sannan rana: 1996-10-01. Ita ce mafi aminci wajen musayar bayanai tsakanin ofisoshi.

Ga mai cika fom kuwa, ya fi dacewa ya rubuta sunan watan da haruffa inda aka ba da dama, ya kuma duba takardar da aka buga masa kafin ya bar gaban jami'i.